Layin Jiragen Sama: Na'ura Ta Yi Lissafi, Mutum Ya Yanke Hukunci

Kowane irin abin hawa, in ya tarar da cunkoso a gabansa, yana da gata guda, watau ya tsaya. Direban mota ya taka birki ya kashe inji, jirgin ƙasa ya dakata a tasha sai an ba shi hanya, jirgin ruwa ma yakan yi kwana da kwanaki a bakin gaɓa yana jiran a ce ya shigo. Jirgin sama kaɗai aka hana wa wannan gata. Tun daga sa'ad da ƙafafunsa suka bar ƙasa man da ke cikinsa raguwa yake yi, ba shi kuwa da wurin da zai raɓe ya huta. Saboda haka idan jirage ashirin suka doso fili ɗaya a lokaci ɗaya, alhali titin sauka ba ya karɓar biyu tare, tilas ne wani ya faɗi wane ne na fari, wane ne na biyu, da kuma tazarar da za a bari tsakanin kowane jirgi da na bayansa.

Wannan aiki na masu kula da zirga-zirgar jiragen sama ne. Shekaru da dama sun yi shi da ido da kunne da ƙwaƙwalwa, ga allon na'urar hangen jirage, watau rada, a gabansu, ga rediyo a kunne, ga 'yan ƙananan takardu jere bisa teburi, kowace takarda ɗauke da bayanin jirginta. A yau kuwa, a manyan filayen jiragen sama na duniya, an ajiye masu kwamfuta a gefe, tana lissafa lokacin da kowane jirgi zai iso, tana jera su, tana ba da shawarar wanda zai rage gudu da wanda zai ƙara. Ra'ayina shi ne wannan taimako alheri ne, wanda kuma ya raina shi bai san nauyin aikin ba. Amma taimako ne, tilas kuwa ya tsaya a matsayinsa na taimako. Lissafin layi ana iya danƙa wa na'ura. Hukuncin wanda zai fara sauka, da alhakin abin da ya biyo bayan hukuncin, waɗannan na ɗan Adam ne, bai kuma kamata a bari su suɓuce daga hannunsa ba tare da kowa ya lura ba.

Bari mu fara da dalilin da ya sa lissafin yake da wuya, domin mai karatu zai iya cewa ai wanda ya riga zuwa shi ke fara sauka, magana ta ƙare. Abin bai kai haka sauƙi ba. Jirgi in yana tafiya, bakin kowane fiffikensa yakan haifar da wata guguwa mai murɗawa wadda ido ba ya gani, tana nan a bayansa har zuwa wani ɗan lokaci kafin ta watse. Gwargwadon nauyin jirgi, gwargwadon ƙarfin guguwarsa, ƙaramin jirgin da ya faɗa cikin ta babba kuwa tana iya kifar da shi. Don haka Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wadda aka aza harsashinta a taron Cikago na 1944, ta kasa jirage bisa nauyinsu, ta kuma ƙayyade tazara. Bisa ƙa'idar da aka daɗe ana bi, babban jirgi in yana bin babba a bar mil 4, matsakaici in yana bin babba mil 5, ƙarami in yana bin babba mil 6. In kuwa babba ne ke bin matsakaici, ko matsakaici ke bin ɗan'uwansa, mil 3 sun wadatar. Mil ɗin da ake nufi a nan irin na masu jiragen ruwa ne, wanda ya kai mita 1,852.

To, mu ɗauka jirage huɗu ne suka iso a jere: babba, matsakaici, babba, matsakaici. In an saukar da su yadda suka zo, tazarar farko mil 5 ce, ta biyu mil 3, ta uku mil 5, jimla mil 13 ke nan. In kuwa aka sa matsakaitan biyu a gaba, manyan biyu suka biyo baya, sai tazarar ta koma 3 da 3 da 4, jimla mil 10. An sami rarar mil 3 ba tare da an taɓa ƙa'idar tsaro ba, wannan rara kuwa ta fi minti ɗaya, ta isa gurbin wani jirgi guda. Da jirage huɗu kowa yana iya yin lissafin nan da ka. Amma jirage goma ana iya jera su ta hanyoyi 3,628,800 dabam-dabam, ga shi kuma layin ba ya zama wuri ɗaya: kafin a gama da na gaba wasu sun shigo ta baya, iska ta juya, hadari ya tare wata hanya. Ba wani mahaluki, komai gwanintarsa, da zai auna wannan duka a cikin daƙiƙoƙin da yake da su, yana kuma magana da matuƙa goma a rediyo.

Ganin haka ne ya sa masana suka duƙufa a kan lamarin. Jamusawa suka fara aiki da wani tsari mai suna COMPAS a filin jirgin saman Frankfurt a 1989. Faransawa suka yi nasu mai suna MAESTRO domin filayen birnin Faris. A Amurka, hukumar binciken sararin samaniya ta NASA, ƙarƙashin jagorancin wani masani mai suna Heinz Erzberger, ta ƙera tsarin CTAS, aka kuma gwada shi a kan jiragen da ke sauka a Dalas a 1996. Dukkansu dabararsu ɗaya ce. Kwamfuta ta karɓi wurin da jirgi yake daga rada, ta haɗa da takardar tafiyarsa da irinsa da bayanin iska, ta fitar da lokacin da zai kai bakin titi in ba a taɓa shi ba. Sa'an nan ta ba kowane jirgi lokacin sauka, ta nuna wa jami'in da ke bisa kujera minti nawa jirgin nan zai ɓata kafin ya kai ga lokacinsa. Yadda za a ɓatar da mintocin, ko da rage gudu ko da ɗan kewaye, jami'in ne ke faɗa wa matuƙi.

Wanda ke son ganin amfanin abin a fili ya dubi Heathrow na birnin Landan. Titi biyu kacal ke gare shi, galibi ɗaya na sauka ɗaya na tashi, an kuma ƙayyade masa sauka da tashi 480,000 a shekara, yakan kuwa kusa cika wannan adadi. Jiragen da ba su sami gurbi ba sukan yi shawagi a wurare huɗu da ke kewaye da birnin, hawa-hawa kamar benaye, tsakanin kowane jirgi da na samansa ƙafa 1,000, na ƙasa ya fita na sama ya sauko gurbinsa. Shawagi a ƙasa-ƙasa kuwa shi ya fi cin mai, hayaƙi da ƙara kuma a kan mutanen gari suke sauka. Daga 2014 aka fara wata dabara: in kwamfuta ta hango jira zai yi tsawo, sai a sanar da jami'an da ke Holan da Faransa da Ailan da Sikotilan, su ce wa jiragen da suka nufi Landan su ɗan sassauta tun suna nesa da kamar mil 350, can sama inda inji ba ya shan mai da yawa. Jiran dai yana nan, sai dai an mai da shi inda ya fi araha.

A watan Maris na 2015 kuma filin ya zama na farko a duniya da ya koma auna tazarar sauka da lokaci a madadin nisa. Dalili kuwa, iska mai ƙarfi in tana busowa ta gaban jirgi takan rage masa gudu bisa ƙasa, sai mil 4 su ɗauki lokaci fiye da yadda suka saba, adadin masu sauka a awa ya ragu, layi ya taru. Amma wannan iska ita ce kuma ke saurin tarwatsa guguwar bayan jirgi. Ashe ke nan a ranar iska ana iya matso da jirage kusa da juna a nisa, muddin lokacin da ke tsakaninsu bai ragu ba. Kwamfuta tana karɓar bayanin iska daga jiragen kansu, ta yi lissafi, ta zana wa jami'i alama a allon rada inda jirgin baya ya kamata ya kasance. Hukumar da ke kula da sararin saman Ingila ta ce wannan ya rage jinkirin da iskar gaba ke jawowa da fiye da rabi.

Kada mai karatu ya zaci maganar jira a sama maganar kuɗin mai ce kawai. Ran 25 ga Janairu, 1990, wani jirgin kamfanin Avianca, samfurin Boeing 707, ya taso daga Kolombiya ya nufi Niyok cikin mummunan yanayi. An sa shi shawagi har sau uku, jimla minti 77. Da ya zo sauka iska ta hana shi, ya sake tashi, kafin ya kewayo mai ya ƙare, injuna suka mutu, ya faɗi. Daga cikin mutum 158 da ke ciki, 73 suka rasu. Masu bincike sun ɗora babban laifin a kan matuƙan, domin sun yi ta cewa mai yana ƙare masu amma ba su furta kalmar gaggawa da ƙa'ida ta tanada ba. Duk da haka sun ambaci yadda aka tsara kwararar jirage zuwa Niyok a ranar cikin abubuwan da suka taimaka wa haɗarin. Kowane minti da aka rage daga shawagi, an ƙara shi ne ga abin da matuƙi zai dogara da shi in rana ta ɓaci.

To, tun da abin yana da wannan amfani, ina kuma abin tsoro? Abubuwa uku ne, kowannensu kuwa ba a cikin na'urar yake ba, yana wurin masu ita.

Na farko shi ne adalci. Akan ce na'ura ba ta da son kai, gaskiya ne kuwa, amma abin da aka ce ta fifita shi take fifitawa, wanda ya faɗa mata kuma mutum ne mai son kai kamar kowa. In aka ce mata ta saukar da jirage mafi yawa cikin awa, ba ruwanta da wanda ya daɗe yana jira. Jirgin da irinsa bai dace da jerin ba sai ta yi ta tura shi baya duk sa'ad da sababbi suka iso. Tun a 1976 wani mai bincike a jami'ar MIT ta Amurka, Roger Dear, ya kawo maganin wannan, cewa a sa iyaka: kada a gusar da jirgi daga gurbin da ya samu bisa isowarsa fiye da 'yan matakai kaɗan, gaba ko baya. Wannan iyaka ba lissafi ne ya haife ta ba, tunanin adalci ne. Haka kuma ana iya ce wa na'ura ta fifita mai fasinjoji da yawa, ko mai shan mai da yawa, ko wanda ya kiyaye jadawalinsa, ko mai kayan aiki na zamani. Kowace daga cikin waɗannan tana da hujja, kowace kuma tana da wanda za ta ɗaga da wanda za ta danne. Fifita mai sababbin kayan aiki, alal misali, zai ingiza kamfanoni su sabunta jiragensu, amma kamfanin ƙasa matalauciya shi zai riƙa kwana a ƙarshen layi. Da can in jami'i ya yi son kai ana iya jin muryarsa a faifai a tuhume shi. Son kan da aka binne cikin tsarin kwamfuta kuwa yana iya shekara ashirin yana aiki ba wanda ya gan shi. Saboda haka wajibi ne ƙa'idar jera layi ta zama a rubuce, a bayyane, kowane kamfani babba da ƙarami ya san ta, hukuma mai amsa tambayar jama'a ce kuma za ta amince da ita, ba injiniyan da ya rubuta tsarin shi kaɗai ba.

Na biyu shi ne gwaninta. Hannun da ya daina aiki yakan mutu. A 1983 wata masaniya 'yar Ingila, Lisanne Bainbridge, ta jawo hankalin duniya ga wani abin mamaki: gwargwadon yadda na'ura ta karɓe aikin yau da kullum, gwargwadon yadda gwanintar ma'aikaci ke dushewa, alhali ranar da na'urar ta kasa, wadda ita ce ranar da ta fi kowace wuya, shi ɗin ne ake so ya karɓa. Ran 28 ga Agusta, 2023, an ga misalin wannan rana a Ingila. Wata takardar tafiya ta jirgin da ya taso daga Amurka zuwa Faris ta zo da wurare biyu masu suna iri ɗaya, kwamfutar da ke sarrafa takardun ta rasa yadda za ta yi, ta tsaya, mataimakiyarta ma ta tsaya saboda dalili ɗaya. Wannan ba kwamfutar jera masu sauka ba ce, amma darasin ɗaya ne. Aka koma shigar da takardu da hannu, aka rage yawan jirage ƙwarai, abin ya shafi fasinjoji fiye da 700,000. Ba a rasa rai ko ɗaya ba, domin akwai mutanen da suka san yadda ake aikin ba tare da na'urar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'in da zai iya jera jirage da kansa ranar da allo ya ɗauke, sai wanda aka riƙa sa shi yin haka a ɗakin horo a kai a kai, aka kuma bar masa ikon ƙin shawarar kwamfuta ba tare da tsoron takardar tuhuma ba. In ƙin shawara ya zama laifi, to shawarar ta zama umarni ke nan, ko da ba a rubuta haka a ko'ina ba.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran haɗari domin ya fi su daɗin ji, shi ne abin da za a yi da rarar da aka samu. Kowane gurbin sauka a babban fili dukiya ne, kamfanoni suna sayensa da maƙudan kuɗi. Da zarar kwamfuta ta samar da minti ɗaya, akwai mai son a cusa wani jirgi a ciki. In aka bi wannan hanya har ƙarshenta, za a wayi gari layin ya matse yadda mutum ba zai iya riƙe shi ba in na'ura ta tsaya, jami'i kuma ba shi da daƙiƙa guda ta saurare. Mu tuna da jirgin Avianca. Jami'an da suka yi magana da shi mutane ne, ba su kuwa gane halin da yake ciki ba, a daren da jirage suka yi masu yawa. Kwamfuta ta san inda jirgi yake da gudunsa da nauyinsa, amma ba ita ce za ta ji rawar murya a rediyo ta sake tambaya, minti nawa ya rage maka, ba. Wannan tambaya mutum ne zai yi ta, sai kuwa in yana da sararin yin ta. Saboda haka wani kaso na rarar a bar shi rara, ya zama lokacin da jami'i zai ɗaga kai ya yi tunani.

Na san akwai masu cewa duk wannan tsoron banza ne, kuskuren mutum ya fi na na'ura yawa, gara a cire shi gaba ɗaya a huta. Haƙiƙa mutum yana gajiya, yana mantuwa, kwamfuta ba ta yi. Amma ƙarfinta yana cikin abin da masu ƙera ta suka hango ne, sararin sama kuwa ba ya rasa abin da ba a hango ba: fasinja ya faɗi ba numfashi, tsuntsu ya shiga inji, taya ta fashe a kan titi, matuƙin da Turanci bai zauna bakinsa ba ya kasa bayyana damuwarsa. A irin wannan lokaci jerin da aka tsara duka rushewa yake yi, a sake sabo bisa abin da ya fi muhimmanci, wanda ba ya cikin lissafi. Bugu da ƙari, in abu ya lalace dole a sami wanda za a tambaya. Ba a gurfanar da na'ura gaban kwamitin bincike, ba ta kuma jin nauyin ran kowa. Mutumin da ya san shi za a tambaya, shi ne ke duba abu sau biyu.

Mu ma nan gida maganar ta shafe mu, domin tun 1964 ake da kwalejin koyon aikin jiragen sama a Zariya, inda ake horar da masu kula da zirga-zirgar jirage, tun 1999 kuma aka kafa hukumar kula da sararin saman Nijeriya. Duk ranar da za a yi shawarar sayen irin wannan tsari, tambayar farko ita ce ko titin saukar ya cika har yana bukatarsa, domin amfaninsa a wurin cunkoso yake. Ta biyu ita ce abin da za a ciyar da shi. Kwamfutar jera jirage tana rayuwa ne a kan rada mai gani sosai, da rediyo mai kaiwa, da bayanin iska na gaskiya, da wutar lantarki wadda ba ta ƙiftawa. In aka ba ta gurɓataccen bayani za ta fitar da gurɓatacciyar shawara, ta kuma fitar da ita cikin natsuwar da za ta sa a yarda. Gini daga tushe ake fara shi.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu karatun lissafi da kimiyyar kwamfuta da aikin injiniya, da su dubi wannan fage, domin ilmin jera abubuwa bisa lokaci da suke koya a aji shi ne ke saukar da dubban mutane lafiya kowace rana. Masu karatun shari'a da mulki ma kada su ce ba ruwansu, don tambayar wa zai fara da wa zai jira tasu ce tun asali. Irin wannan na'ura mai ba da shawara tana nan tafe a asibiti da banki da ofishin ɗaukar ma'aikata, a wasu wuraren ma ta riga ta iso. Masu jiragen sama sun yi fiye da shekara talatin suna zaune da ita, sun ci moriyarta, har yanzu kuma muryar mutum ce ke ce wa matuƙi ya sauka. Ya kamata mu koyi yadda suka yi, mu kuma nace a kan sharuɗɗan nan uku duk inda aka kawo mana ita: a bayyana ƙa'idar da take bi, a bar wa ma'aikaci gwanintarsa da ikonsa na cewa a'a, a kuma rage masa lokacin da zai saurari wanda ke gabansa.